Aikin Malam Shaibu da Aka Rubuta da Sunana

Kun taso kuna jin ana cewa ubanku ne ya tayar da injin zuciya a shekarar fari, lokacin da ko ƙusa ba ta shigowa ƙasar nan daga waje. Kun ji a bakin maƙwabta, kun ji a bakin abokan aikina ranar da na ajiye aiki. Ni kuma ban taɓa buɗe baki na ce a'a ba, sai dai in gyara zaman hula in yi murmushi irin na mutumin da wai ba ya son yabo. To, ba haka aka yi ba. Kakanku na wajen uwa, Malam Shaibu mai rediyo, shi ya yi aikin, ni na ɗauke sunan. Yanzu da nake zaune a unguwar Bobiyel ta Yamai, ba abin da nake yi sai jiran kiran salla da rigima da jikoki, na ga gara ku ji daga bakina yadda abin ya faru, da inda na yi daidai da inda na yi abin kunya.

Waɗanda suka riske shi a cikinku sun riske shi ne ya tsufa, idanunsa sun tafi, yana zaune a kan buzu yana ja muku kunne. Ba ku san shi da ƙarfinsa ba. Mutumin Tawa ne, gajere, mai ƙaton kai da ƴan yatsu sirara. Bai taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko, a hannun wani Bature mai gyaran wayar iska ya koyi aiki tun yana saurayi, kuma duk Mauri, unguwarmu ta da, ba rediyon da ya mutu bai biyo ta zaurensa ba. Zauren gidan shi ne shagon. Bango uku cike suke da gwangwanayen madara da na tumatir, kowanne da abin da ke ciki, kuma ba rubutu a kan ko ɗaya. In ka tambaye shi wani abu, ba ya ɗaga kai, hannu kawai yake miƙawa baya ya ciro gwangwanin. A wannan zauren na koyi riƙe ƙarfen dalma lokacin da na zo daga Damagaram. Daga baya na samu shiga makarantar koyon sana'a, aka tura ni ƙasar waje na ƙaro shekara biyu, na dawo da takarda mai hatimi da farar rigar aiki, aka ɗauke ni a wani asibitin gwamnati ina kula da injuna. Malam Shaibu ya ba ni ɗiyarsa Hadiza, uwarku, ya kuma ba mu ɗaki biyu a cikin gidansa. Ni kuwa tun da na dawo nake kallon gwangwanayen nan a matsayin bola. Ban taɓa faɗa masa ba, amma ya sani, don in na ratsa zauren da farar rigata sai ya ce, "A ba Injiniya hanya," ko da ba kowa a wurin sai ni da shi.

Shekarar da nake ba ku labari, damina ta zo ta yi kamar za ta yi, ta fasa. Kafin a kai ga rani gulbi ya janye har mutane na ratsa shi da ƙafa, abin da tsofaffin Yamai suka ce ba su taɓa gani ba. Gidanmu ya cika da dangin kakanku da suka taso daga ƙauye: ƙannensa mata biyu da iyalansu, da wani ɗan baffansa da ya zo da raƙumi ɗaya ya rasa shi a hanya. Tsakar gida ta zama wurin kwana. Uwarku ce ke rabon tuwo, kuma ta iya rabo yadda kowa zai ga kamar nasa ya fi. Jar dawar taimako muke ci, wadda in an tuƙa ta sai ta yi kamar ƙasar gini, amma ba mai cewa komai sai ƙanwar kakanku, Gwaggo Tamo, da kullum take rantsuwa ko jakinta na gida ba zai ci ba, tana faɗa tana miƙa hannu. Soja ne ke mulki, kuma a lokacin ba a wasa da kayan gwamnati. Ma'aikaci ya ɗauki buhu ɗaya ko taya ɗaya, da safe sai a ji an tafi da shi. Mutane na jin daɗin haka, suna kuma jin tsoronsa, duka biyun a lokaci guda. Mu ma'aikata ko biro ɗin ofis ba ma yarda mu manta da shi a aljihu.

Injin da ake magana shi ne wanda ake ɗora wa mutum a ƙirji in zuciyarsa ta rikice, a buga masa wuta ta dawo kan hanya. Guda ɗaya muke da shi, a ɗakin tiyata. Yadda yake aiki ba wuya: yana tara wuta mai ƙarfin gaske a cikinsa, sannan ya sake ta gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido. Amma sau da yawa likita kan sa a tara wutar, sai zuciyar ta dawo da kanta, a fasa bugawa. To wutar nan da aka tara sai an zubar da ita, in ba haka ba tana nan zaune tana jiran wanda zai taɓa. Akwai wani ɗan abu a ciki da ke shanye ta, mu masu gyara muna ce masa rezistans. Kowane rediyo cike yake da ƙananan irinsa. Na cikin injin nan kuwa ya kai tsawon yatsa biyu, kuma shi ne ya ƙone. Ba mu sani ba sai da wata ma'aikaciyar jinya ta ɗauki faifan da ake ɗorawa a ƙirji tana goge shi bayan an fasa bugu, wutar ta jefar da ita jikin bango. Allah Ya sa da hannu ɗaya ta riƙe. Ta tashi, amma ta yi kwana uku hannun ba ya ɗaguwa.

Babban likitan tiyata, wanda muke kira Lokotoro Hama, Bazabarme ne mai ƙarancin magana. Ya kira ni ya ce a rufe injin, kuma duk tsoho da duk mai raunin zuciya ba zai sa masa wuƙa ba sai an gyara. A shekarar nan kuwa wa ke da ƙarfin zuciya? Mutane na zuwa daga daji fata da ƙashi. Na cika takardar neman kaya daga Turai, na kai ma'aikata, aka buga mata hatimi. Magatakardan ya dube ni da tausayi ya ce ko kayan ya iso bakin teku gobe, ba motar da za ta ɗauko shi, don duk wata babbar mota an sa ta jigilar hatsi. Ban ga laifinsu ba. Ni ma da a ce ni ke rabon motocin, hatsin zan ɗauko.

Sai na ce wa kaina ai wannan ƙaramin abu ne. Na duba lambar da ke jikin wanda ya ƙone, na ba wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano saƙo, ya kawo mini guda biyu sababbi ful, koraye masu sheƙi, lambarsu daidai, har sun fi na asali jure zafi bisa abin da aka rubuta a jikinsu. Na sa na farko, na tara wuta, na zubar, lafiya lau. Na sake tarawa na zubar, sai na ji "tas", hayaƙi ya fito ta bayan injin. Na ce wataƙila wannan jabu ne. Na sa na biyu, kuma don ganin ido har na kira Lokotoro ya zo ya gani. Wannan bai ma kai bugu na biyu ba. Lokotoro ya tsaya ya kalli hayaƙin har ya watse, ya kalle ni, ya juya ya fita. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na yi kwana huɗu ina shiga gida fuska a ɗaure. Uwarku ce ta gaji. Tana tankaɗe a ƙofar ɗaki ta ce,

"Malam, wanga abu da ke cin ka, ka kai wa Baba mana ya gani."

Na ce, "Wannan ba rediyo ba ne, Hadiza. Injin asibiti ne."

Ta ce, "To. Ni dai na ga injin asibitin ya hana ka cin tuwo, shi ko Baba da rediyonai yana cin nashi."

Washegari na saka ƙonannun nan uku a aljihu, na asalin da nawa biyu. Ku lura da wannan, don shi ne laifina na farko a idon hukuma: na fitar da kayan gwamnati daga ƙofar asibiti, ko da ƙonanne ne. Bayan la'asar na zauna a bencin zaure, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na zube su a gabansa na yi masa bayani. Ya saurara bai katse ni ba. Ya tambaye ni tsawon lokacin da wutar ke ɗauka tana wucewa. Na ce ba ta kai ƙiftawar ido ba. Sai ya ɗauki ɗaya daga cikin korayen, ya sa wuƙa ya kankare fentin a hankali, ya miƙo mini tare da gilashinsa na duba ƙananan abubuwa.

"Mi ka gani?"

Na ce, "Wani siririn layi ne ya nannaɗe jikin farar ƙasa. Ya tsinke a wuri ɗaya."

"To nan wuta ke bi. Duk girman nan da kake gani, banza ne, cikinai ba ya aiki. Wanga zahi ya iya ɗauka, in an bi shi sannu sannu, har gobe. Amma kai ba zahi kake ba shi ba, duka kake ba shi."

Ya miƙa hannu baya ya ciro wani gwangwani, ya zaro wani tsohon rezistans ruwan ƙasa mai kaurin ɗan yatsa, irin na rediyon da ake yi da kwalabe tun kafin a haife ni. Ya sa filaya ya karya shi biyu. Ciki baƙi ƙirin ne tun daga baki har baki, kamar an karya gawayi.

"Wanga duk jikinai ke ɗaukar duka. Ɗaya ba ya iyawa, amma in ka jera su da yawa, kowa ya ɗauki rabonai. Ba a koya muku wanga ba can?"

An koya mana. Sai da ya faɗa na tuna da shafin littafin, har da zanen da ke gefe. Amma ni lamba nake karantawa, shi kuwa ya shekara talatin yana fasa abin da ya mutu don ya ga abin da ya kashe shi. Kunya ta rufe ni a kan bencin nan, kuma ina jin har da haushi, don na fi son a ce bai sani ba.

Na yi lissafi a takarda, shi ya yi nasa a ka, muka haɗu a goma sha shida, masu zobe ja uku a jiki. Ya zazzage gwangwanayensa muka samu tara, amma da muka auna su uku sun kauce daga lambarsu saboda tsufa, ya jefar. Saura goma ke nan, kuma an daina yin irinsu. Na ce mu tafi kasuwar Katako mu sayi matattun rediyo mu farfasa. Muka je. A ranar na ga abin da fari ya yi wa mutane fiye da yadda nake gani a asibiti: mata na sayar da kwanonin aurensu, wani dattijo ya shimfiɗa ƙyauren ɗakinsa a ƙasa yana jiran mai saye. Mun samu biyu kawai, don masu tara ƙarfe sun riga mu. A hanyar dawowa, da muka kusa gida, kakanku ya ce ya san inda sauran suke. Suna cikin ɗakunan mutanen Mauri, a cikin rediyon da shi da kansa ya gyara shekaru da suka wuce, kuma yana tune da cikin kowanne.

Abin da ya yi shi ne ya bi tsofaffin abokan cinikinsa gida gida. Ya ce wa kowa ya kawo tsohon akwatinsa a duba masa kyauta. Ba ya ɓoye musu komai. Sai ya buɗe a gaban mai shi, ya nuna masa abin da zai cire, ya ce asibiti ke bukata, ya maye gurbinsa da sabo irin na zamani, wanda rediyo ba ya ƙi tunda shi ba dukansa ake yi ba. Ya share ƙura, ya gyara abin da ya samu ya lalace, ya mayar wa mutum kayansa yana magana fiye da da. Wani tsohon mai ɗinki ya ƙi, ya ce muryar rediyonsa za ta canja. Kakanku ya zauna da shi tun hantsi har azahar suna musu, daga ƙarshe tsohon ya yarda bisa sharaɗin in muryar mai karanta labarai ta sauya za a mayar masa da nasa. Gwaggo Tamo kuwa ta samu abin faɗa, kullum tana cewa ɗan'uwanta ya haukace, gida ba hatsi shi yana aikin Allah-ya-ba-ka-lada. Cikin mako guda muka cika goma sha shida.

Kakanku ya shanya su a kan kwanon rufi kwana biyu, ya ce irinsu na shan raɓa ko da ba ka gani ba. Ya yanko wani allo da wuta ba ta bi, ya jera su layi biyu da tazara tsakaninsu, ya goge kowane ɗigon dalma ya zama mulmulalle, don ya ce wuta mai ƙarfi tana son tsini ta yi tsalle daga kansa. Ni aikina riƙe allo da miƙo filaya. Da ya gama ya naɗe shi a tsumma ya ba ni.

"Ka buga shi sau ishirin. Bayan kowane bugu ka jira, ka tabbata wuta ta hita, ka auna. In lamba ta gusa ko kaɗan, kada ka sa shi ga jikin mutum. Ka maido min."

Na buga sau ishirin, na ƙara ishirin don kaina. Ɗumi kawai suke yi su huce, lamba ba ta motsa ba. Na kira Lokotoro Hama, ya tsaya na buga sau biyar a gabansa. Ya ce, "Ina ka samo?" Na ce, "Dabara na yi, Lokotoro." Ban ce ƙarya nake yi ba a lokacin. Na gaya wa kaina ai ba a shigar da sunan mutumin kasuwa cikin maganar injin gwamnati. Amma gaskiyar ita ce mutumin nan ya ga hayaƙina sau ɗaya, ina son ya ga nasarata. Aka koma tiyata. Cikin watan aka ɗora injin a kan wata mata da aka kawo daga sansanin masu gudun yunwa, zuciyarta ta rikice ana tsakiyar aiki, ta dawo, ta koma wa ƴaƴanta da ƙafarta. Na zo gida na faɗa wa kakanku. Ya ce alhamdu lillahi, ya ci gaba da abin da yake yi, amma ba a jima ba na ga ya ajiye ƙarfen dalma.

Lokotoro ya rubuta rahoto cewa an gyara injin ba tare da kayan waje ba. Rahoton ya hau sama ya faɗa hannun wani kapitan na soja da aka ɗora wa kula da kayan asibitocin gwamnati. Wata Laraba aka kawo mini takarda: in bayyana a ofishinsa gobe da ƙarfe tara. Ba a rubuta dalili ba, kuma a lokacin takarda irin wannan ba a yi mata fassara mai daɗi. Na fitar da kaya daga asibiti, na sa abin da ba hukuma ta saya ba a cikin injin da ake ɗora wa mutane, kuma wanda ya haɗa shi ba ma'aikaci ba ne. Uwarku ta ji, ta zauna a bakin gado. Da yamma na samu kakanku a zaure na karanta masa takardar. Sai ya ce,

"Lawali, in sunka tambaye ka wa ya yi, ka hwaɗi sunana."

Na ce, "Baba, in kamu ne fa?"

"In kamu ne, ni na yi, kuma na gama cin duniyata, kai ko kana da ƙananan ɗiya. In ko alheri ne," sai ya ɗan yi dariya, ya sosa keya, "to ni ma ina son sau ɗaya a ce Shaibu ya yi wani abu da ya wuce rediyo. Ina son in ga injin nan da idona. Ka ji ko?"

Na ce na ji. Ban taɓa jin ya roƙi wani abu don kansa ba sai ranar.

Kapitan ɗin saurayi ne, bai fi ni shekaru ba, dogo, yana Hausa irin ta wanda ya koye ta a kasuwa. An riga an kai masa allon, yana kan teburinsa, an ciro shi daga injin da sassafe. Bai ce in zauna ba. Ya nuna allon da sandarsa ya ce,

"Wa ya yi wannan?"

Na kalli sojan da ke bakin ƙofa da bindiga. Na tuna tsohon nan da gidan da ke cike da bakuna. Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

Wannan amsar ba na jin kunyarta har yau. Don shi na yi ta, kuma da za a mayar da ni wurin zan sake yin ta. Abin da ya biyo baya ne nake jin kunya. Kapitan ya zagayo teburin, ya kama hannuna da hannu biyu ya girgiza. Ya ce irin wannan ƙasa ke nema, mutumin da ba ya naɗe hannu yana jiran jirgi. Ya ce akwai injuna a mace a asibitocin jihohi, za a buɗe wurin gyara na musamman, ni zan riƙe shi. Ya ce a mayar da allon cikin injin yanzu yanzu. Sannan ya zauna, ya ɗauki alƙalami, ya ce,

"In akwai wanda ya taimake ka, ko wa ne ne, ka faɗa yanzu in rubuta. Muna son mu san mutanenmu."

Ƙofa ce ya buɗe mini da faɗinta. Babu bindiga a maganar, babu kamu. Sunan kakanku ya zo har kan harshena. Amma minti biyu da suka wuce na ce ni kaɗai, kuma ɗumin hannun mutumin nan bai bar tafina ba. Na ga kaina ina cewa wani tsoho da bai je lakwal ba shi ya koya wa mai takardar ƙasar waje aikinsa, na ga fuskar Lokotoro in ya ji. Na ce,

"Babu kowa, ranka ya daɗe."

Ya rubuta sunana, ya tambaye ni yadda ake rubuta na mahaifina, na faɗa masa harafi harafi.

Ban koma gida kai tsaye ba. Na koma asibiti na mayar da allon, na yi ta ƙirƙirar aiki har la'asar ta wuce. Da na shigo layinmu na hango kakanku daga nesa. Ya rufe shagon, abin da ba ya yi sai ranar Juma'a da ranar salla. Yana zaune a kan benci a ƙofar zaure cikin babbar rigarsa shuɗiya ta zuwa ɗaurin aure, da jar dara, da takalmin da uwarku ta goge masa. A gefensa akwai ƙaramin ƙunshi, wanda daga baya na ji bargo ne da buta da carbi, don in motar soja ce ta zo kada ya tsayar da su. Tun ƙarfe tara yake wurin. Ya shirya wa duka biyun, ko a tafi da shi kurkuku ko a kai shi ya ga injin.

Na gaishe shi, na ce lafiya ce, ba kamu ba ne, har ma sun yaba. Ya ce madalla, ya yi hamdala sau uku, fuskarsa ta saki. Sai ya dube ni yana jira. Na yi ta ba shi labarin wurin gyaran da za a buɗe. Ya bari na gama, sannan ya ce a hankali,

"Sun tambayi wanda ya yi?"

Na ce, "Ba su tambaya ba, Baba."

Ya kalle ni ɗan lokaci. Ya ce, "To, soja ne, suna da aiki da yawa." Ya cire dara ya riƙe a hannu, ya ɗauki ƙunshinsa, ya shiga gida. Can na ji yana ce wa uwarku ta ninke rigar da kyau kada ta yi datti. Da ya fito cikin tsohuwar rigarsa ta aiki ya buɗe zaure, ya jawo wani rediyo ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Allon nan ya yi shekara shida a cikin injin. Kayan Turai ya iso bayan an yi ruwa, Lokotoro ya ce a bar shi a kwali tunda na ciki bai gaza ba. Ni kuma na riƙe wurin gyaran, na zaga ƙasar nan kaf, kuma duk inda na ci karo da abin da ya fi ƙarfina, zauren nan nake kawo shi da yamma. Bai taɓa ƙi ba, bai kuma taɓa sake tayar da maganar ba. Sau da yawa na yi niyyar in ɗauke shi a babur in kai shi ɗakin tiyata ya ga aikinsa, amma in na kai shi sai na faɗa wa mutane ko shi wane ne, sai in ce bari sai wani mako. Ana haka idanunsa suka tafi. Gidan da kuka girma a ciki, da karatun da kuka yi, da gidan unguwar Koira Kano da babbanku ke zaune yau, duk daga kujerar da na samu a ofishin nan suka fito. Na kula da shi har ya koma ga Allah, ban bar shi ya nemi komai ba, kuma na daɗe ina gaya wa kaina wannan ya isa. Bai isa ba, don ba shi ya roƙa ba.

Na ɗauka uwarku ba ta san wannan ba, sai na karanta mata shafukan nan kafin in ba ku. Da na gama, ta ce tun ranar kakanku ya gaya mata soja ba ya kiran mutum ofis ya kasa tambayarsa wanda ya yi aiki, ya kuma hana ta yi mini maganar. Shekara arba'in tana zuba mini tuwo da wannan a cikinta.

Ba ni da inda zan kai gyara yanzu. Kapitan ya rasu, Lokotoro ya rasu, injin ma an daɗe da jefar da shi. Ku kaɗai kuka rage mini, don haka ku riƙe, ku faɗa wa ƴaƴanku: Malam Shaibu mai rediyo na Mauri shi ya yi. Kuma Baba, sun tambaya. Har sau uku suka tambaya.